Wurin da muka kai autanmu ya bar tramol a Garwa, abin da ya yi min da wanda bai yi min ba

Bari in fara da hukuncina kafin surutu ya yi yawa, wurin nan ya ci kuɗinsa. In maki goma ake bayarwa to bakwai zan ba su, ukun da na riƙe kuma zan faɗi dalilinsu ba ɓoye-ɓoye. Wani ɗan ƙaramin wuri ne na masu zaman kansu a nan Garwa ta arewacin Kamaru, ɗaki uku da rumfar kwano, suna karɓar masu shaye-shaye musamman 'yan tramol, da masu wiwi, har masu son barin taba ma na gani. Ba zan kama suna ko unguwa ba saboda kun san garin namu, ina faɗa gobe an fara ƙirga 'ya'yan wa da wa ake gani a ƙofar. Mutum uku muka yi hulɗa da su, akwai wani infirmiye, wato nas, da ya karanci ɓangaren ƙwaƙwalwa wanda kowa ke ce wa Dokta duk da shi da bakinsa yana cewa shi ba dokta ba ne, akwai wata mata sikolog, wato masaniyar halayyar ɗan'adam, da ke zuwa wasu ranaku, sai likita na gaske da ke leƙowa ya duba mutum ya rubuta ordonans, wato takardar sayen magani. Ba a kwana, zuwa ake a koma gida. Buɗe karne, wato katin asibiti, da ganin farko jaka biyar muka biya, kowane zama bayan nan jaka biyu, magani kuma daban ne kai za ka je farmasi ka saya.

Autanmu muka kai. Ɗan kilando ne, wato mai ɗaukar fasinja a babur, babur ɗin ma ba nasa ba ne, na wani ne yana kai masa resat, wato kuɗin aikin yini, kullum da yamma. Duk wanda ya san harkar kilando a garin nan ya san tramol ba baƙuwa ba ce, ga rana, watan Maris da Afirilu zafi na haura digiri 40, ga ramuka ga ƙura, mutum tun asuba yana kan babur har bayan isha'i, to sai abokin aiki ya miƙo maka ƙwaya ɗaya ya ce sha ka ji bayanka ya saki. Haka nasa ya faro, ba wai iskanci ne ya kai shi ba. Ita tramol ɗin, wato tramadol, asalinta maganin ciwo ne na asibiti dangin su mofin, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya fito da ita kasuwa a 1977, ta asibiti miligiram 50 ce ko 100 kuma likita ba ya wuce wa babban mutum 400 a yini. Amma wadda ake sayarwa a kan tebur da cikin jakar 'yan yawo za ka ga 120, 200, 225 a ƙwaya ɗaya, yawanci daga Indiya take fitowa, ita kanta Indiyan sai a 2018 ta saka ta cikin magungunan da doka ta tsaurara a kansu. Yaro ya sha uku ko huɗu na 225 a yini ku yi lissafin da kanku.

In kana son sanin yadda abin nan ya yi mana katutu a arewacin Kamaru ga wani labari da ni har yanzu dariya da takaici yake ba ni. A 2013 wasu masu bincike suka sanar wa duniya cewa sun gano tramadol a cikin saiwar tafashiya da aka tono a yankinmu, aka yi ta murna wai ga itace na yin maganin Bature da kansa. A 2014 wasu masu binciken daga Jamus suka sake dubawa suka nuna ba itacen ba ne, manoma ne ke ba shanun huɗa tramol don kar su gaji kuma su ma suna sha, fitsari da kashi suka kai ta cikin ƙasa saiwa ta zuƙa. Wato har ƙasar tamu ta sha.

Toh abin da ya fara burge ni a wurin shi ne ba su yi masa wa'azi ba. Mu a gida ai mun gama wa'azin, Inna ta yi kuka ta yi nasiha, Kawu ya yi faɗa har da cewa a tsallaka da shi a kai shi gidan mari, an yi rubutu an sha, yaron zai rantse ya bari kuma wallahi a lokacin da gaske yake yi, ba a jimawa sai ka ga idon ya koma yadda yake. Shi kuwa Dokta ko sau ɗaya bai ce masa dubi mahaifiyarka ba. Tambaya kawai yake jerowa a hankali: "Ƙanina, ta farko ƙarfe nawa kake sha? A ina? Su wa ke wurin? Da shayi kake haɗiya ko da ruwa? Kafin ka sha me kake ji a jikinka?" Har na fara jin haushi a raina na ce yanzu jaka biyar muka biya a zo ana mana tambayar kotu. Sai kuma ya yi wadda ta kusa tayar da Inna daga kan benci, ya ce "faɗa min alherin da tramol take maka." Inna ta ce "ɗana wane irin alheri kuma?" Ya ce "Inna ki yi haƙuri, in ba ta masa wani aiki da bai riƙe ta ba, in ba mu san aikin ba kuma ba za mu san abin da za mu ba shi a madadinta ba." Daga baya sikolog ɗin ta gaya min wannan salon magana da gangan ne, wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka William Miller ne ya fara tsara shi a 1983, saboda an lura in ka matsa wa mai shaye-shaye da hujja shi kuma sai ya koma lauyan ƙwayar yana kare ta, in ka bar shi ya yi magana da kansa zai faɗi ɓarnar da take masa.

Makon farko ba su ce ya daina ba sam. Littafin 'yan makaranta suka ba shi aka ja layi huɗu, lokaci, wuri, da wa, me nake ji, duk sanda ya sha ya rubuta. Na ga littafin da idona, duk shafukan tabon baƙin mai, rubutun rabi Faransanci rabi Hausa. "5h30, wajen mai shayi a karfur (mahaɗar tituna), da yaran layi, jiki a mace hanci na zuba." Na ƙasa: "14h, gindin darbejiya, zafi, baya kamar zai tsinke, an miƙo min." Na ƙasa kuma: "18h, ni kaɗai, resat bai cika ba, gabana na faɗuwa." Kullum kusan haka, lokacin ma ba ya sauyawa sosai.

A nan ne na gane me muke biya wa kuɗi. Dokta ya ajiye littafin a gabanmu ya ce mu duba da kyau, mu a gida abu ɗaya muke gani wai yaro na shan ƙwaya, alhali abu uku ne daban-daban da suka sa riga ɗaya. Ta asuba jiki ne ke karɓar bashinsa saboda ta jiya ta sake shi cikin dare, wannan aikin likita ne. Ta azahar ciwon baya ne da zama cikin abokai, wannan sai an gyara wurin zama da abokan zama. Ta yamma tsoro ce zalla, tsoron fuskar mai babur, wannan ko asibitin duniya aka kai shi in ba a taɓa maganar resat ba tana nan. Kowacce da maganinta. Mu kuwa shekara da shekaru magani ɗaya muke ba duka ukun, faɗa.

Sikolog ɗin ita ce mai bayanin ƙwaƙwalwa, kuma ta iya, da biro da takarda take yi. Ta ce akwai wani sinadari dofamin da mutane ke ɗauka na jin daɗi ne, alhali babban aikinsa shi ne ya ce maka tashi ka nemo. Ta ba mu labarin gwajin da wani masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya yi da birai a shekarun 1990, ana kunna musu wata alama sannan a ɗiga musu ruwan 'ya'yan itace a baki, da farko sai ruwan ya zo dofamin ke tashi, da biri ya saba sai ya koma tashi tun daga ganin alamar kafin komai ya shiga bakinsa. Ta juya ta ce wa autanmu "kai alamarka ƙanshin shayin karfur ne da ƙarar babur ɗin abokinka, kafin ka yi tunanin komai jikinka ya riga ya yanke hukunci." Ta kuma kawo aikin Kent Berridge da Terry Robinson na jami'ar Michigan da suka nuna cewa a ƙwaƙwalwa hanyar kwaɗayin abu daban take da hanyar jin daɗinsa, shi ya sa kwaɗayin ke ƙaruwa daɗin kuma na raguwa. Yaron da tun shigowarmu kansa na ƙasa sai ya ɗago ya ce min "Yaya wallahi na daɗe ban ji daɗinta ba, kawai in ban sha ba ne ba zaman lafiya." Mutanenmu na cewa sabo turken wawa, turken kam na yarda na gan shi, amma cewa sai wawa yake kamawa ban yarda ba, a rumfar nan na zauna kusa da malamin makaranta da wani babban ɗan kasuwa da in na faɗi sunansa ba za ku yarda ba.

Sai maganar ragewa, nan ne wuri mafi wuya kuma nan ne nake roƙon duk mai karanta wannan kar ya yi gaban kansa. Sun hana a yanke lokaci ɗaya. Likita ya duba shi ya rubuta jadawalin ragewa sannu a hankali da ƙwayar farmasi wadda aka san awonta, ba ta tebur ba da ba ka san me aka cusa a ciki ba, kuma ni aka damƙa wa ajiya, kullum ni ke ba shi da hannuna. Dalilin da suka bayar shi ne tramadol aiki biyu take a jiki, tana aikin dangin mofin kuma tana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin ciwon damuwa ke taɓawa, to in ta saki mutum wahalar ma biyu ce, ga hamma da majina da gumi da zawo da ciwon gaɓoɓi, ga kuma fargaba da rashin barci da wani abu da yake cewa yana ji kamar wutar lantarki na fizgar kansa. Ko da ragewar ma ya ji jiki. Akwai daren da na farka na same shi yana zagaye tsakar gida ƙafa ba takalmi, ana wannan zafin da ko fanka ba ta magani shi kuma yana lulluɓe da bargon Inna haƙoransa na haɗuwa, ya ce ƙafafunsa ne suka ƙi kwanciya. Na zauna a kan turmi ina kallonsa yana kai da kawowa har aka yi kiran farko. Da ba su gaya mana tun farko za a ga haka ba da mun ce iska ce mun nufi wani wajen.

Maganar iska ma, yaran nan da ke faɗuwa daga kan babur suna shure-shure kumfa na fita a baki ana cewa aljanu ne suka buge su, Dokta ya ce da yawansu tramol ce, in ta yi yawa tana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. In aka haɗa ta da giya ko ƙwayar sa barci ta diyazefam kuwa numfashi take tsayarwa.

Inna da farko ba ta gamsu ba, ta ce ya za a ce ana son yaro ya bar abu kuma ana ba shi abin da hannu. Limamin unguwarmu ne ya kwantar mata da hankali, ya ce abin da likita ya auna ya bayar don magani daban yake da na maye, ya kuma tuna mata cewa giya ma ba rana ɗaya aka haramta wa sahabbai ba, aka fara da ayar Baƙara ta 219, sai ta Nisa'i 43 da ta hana kusantar salla cikin maye, sannan Ma'ida 90 ta rufe ƙofa. Na ji daɗi da wurin ba sa faɗa da malamai, cewa suke a yi addu'a a kuma bi jadawali.

Abin da suka fi nacewa a kai bayan magani shi ne canjin wuri, har na gaji da ji. Dokta na son labarin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, wata mai bincike Lee Robins ta bi diddiginsu a farkon shekarun 1970 ta samu kusan kashi 20 cikin 100 sun kamu da hodar heroyin a can, kowa ya ɗauka in sun dawo gida an shiga uku, amma cikin waɗanda suka kamu ɗin kusan kashi 5 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko da dawowarsu. Mutanen su ne dai, ƙwaƙwalwar ita ce, abin da ya canza shi ne wuri da abokai da tsoro da sauƙin samu. Ni da na ji sai hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya faɗo min, wanda malamin da ya ba shi fatawar tuba bai tsaya a ce masa ka tuba ba, sai da ya ce ka bar garinku ka koma gari kaza inda mutanen kirki suke. Mu dai ba mu da halin tura shi Ngaundare ko Marwa, to sai aka yi ƙaramin ƙaura a cikin gari. Ya bar tashar karfur ya dawo tsayawa kusa da shagona a bakin kasuwa, shayin asuba aka soke shi Inna ke dama masa kunu ya sha a gida kafin ya fita, lambar mai sayar masa aka goge a gaban Dokta, har hanyar da yake bi da safe aka canza duk da ta fi nisa tana cin mai. Soson kujerar babur da ya mutu muka sake, likita ya duba bayan ya ba shi abin da ya dace, ƙarfe biyu kuma dole ya sauka ya sha ruwa ya miƙe a shago ko da fasinja na kira. Ta yamma kuwa ni na je na sami mai babur muka yi magana ta manya, ya yarda a koma lissafin mako maimakon na kullum, ranar da kasuwa ta ƙi sai ranar da ta yi kyau ta rufe mata. Wallahi wannan ɗaya kawai ta yi aikin da faɗan Kawu na shekara bai yi ba.

Akwai wani abu da suke yi da na ɗauka wasan yara ne, wai shirin "in kaza ya faru zan yi kaza". Ba a yarda ka ce zan yi ƙoƙari ba, sai ka faɗi takamaimai: in wane ya miƙo min zan ce ina kan maganin likita in tada babur in bar wurin, in biyar ta yi kuɗi bai taru ba zan kira Yaya kafin in je ko'ina. Wani masani Bajamushe Peter Gollwitzer ne ya yi suna da binciken wannan dabara, a 1999 ya fitar da rubutunsa da aka fi sani a kai, hikimar ita ce lokacin da kwaɗayi ya taso ba lokacin tunani ba ne, gara amsar na nan a shirye. Har gwadawa suke a ɗaki, Dokta ya zama abokin yana tsokanarsa da Fillanci yana cewa kai yanzu ka zama ustazu ke nan, sha ɗaya mana ba wanda ya gani, yaron na amsawa yana dariya, a maimaita a maimaita har bakinsa ya saba. Sun kuma koya masa in abin ya taso ya duba agogo ya ba shi maki daga ɗaya zuwa goma ya jira, zai ga yana hawa ya kai ƙarshe ya sauko da kansa, galibi ƙarfinsa ba ya wuce rabin awa. Shi da a da yake ɗauka in bai sha ba abin hawa zai yi ta yi har ya haukace.

Ya koma fa, kar wani ya ɗauka labarin ya tafi sumul. Bayan an gama ragewa an fara murna, babur ya lalace a hanyar Pitowa ranar Lahadi ta kasuwa, ya turo shi cikin rana, aka gaya masa magana mai zafi a gaban mutane, da yamma ya nemi tsohon layi. Yadda suka karɓi wannan shi ya sa na ƙara musu maki. Ba tsawa ba kunyatarwa, littafin aka sake buɗewa, ƙarfe nawa, a ina, me ya faru kafin nan. Sikolog ta ce babban haɗarin ba ƙwaya ɗayar ba ce, tunanin da ke biyo bayanta ne na tunda na ɓata bari in ɓata gaba ɗaya, wani masanin harkar shaye-shaye Alan Marlatt ya yi bincike sosai a kan wannan tarkon. Ta ce cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka na ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinya kan sake zamewa, kusan daidai da yadda masu hawan jini da asma ke yi da nasu maganin, kuma ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Amma sun ja kunnenmu da abu ɗaya mai ban tsoro, wanda ya daina jikinsa ya manta da yawan da ya saba, in ya koma ya sha adadin da yake sha a da zai iya mutuwa a ranar.

Yanzu ga maki ukun da na riƙe. Na farko sirri, babu shi. Rumfar jira a bakin titi take, duk mai wucewa na ganinka, kuma yarinyar da ke karɓar kuɗi da ƙarfi take kiran suna har da tambayar "na tramol ne ko na wiwi?" a gaban jama'a. Ina ganin wannan ne ma ya sa duk zuwan da na yi ban ga mace ko ɗaya ta zo don kanta ba, alhali kowa ya san akwai matan aure da 'yan mata da ke shan ta da sirop na tari a cikin gidaje, wace ce za ta zo ta zauna a wannan rumfar. Randebu kuma sunansa kawai randebu, a ce maka tara ka ga Dokta sha ɗaya da rabi, ɗan kilando kuwa kowace awa kuɗi ce. Sikolog ɗin Faransanci take ji sai ɗan Fillanci kaɗan, Hausa ko kaɗan, ni na zama tafinta tsakaninta da Inna, kuma akwai maganar da yaro ba zai faɗa ba in yayansa ne zai fassara. In Dokta ya yi tafiya wurin kusan a rufe yake, in ka fasa zuwa kuma ba mai kiranka ya ji lafiya, wanda a irin wannan ciwon ranar da mutum ya fasa zuwa ita ce ranar da ya fi buƙatar a kira shi.

Sannan akwai wata takarda da suka manna a bango wai kwana 21 sun isa a canza ɗabi'a, don Allah su cire ta. Ita kanta sikolog ɗin da na tambaye ta dariya ta yi ta ce ba ita ta manna ba. Binciken da wata masaniya Phillippa Lally ta yi a Landan da mutum 96 ya nuna matsakaici kwana 66 ne kafin sabon abu ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma wannan fa ƙananan abubuwa ne irin shan ruwa bayan abinci ko ɗan motsa jiki, ba barin ƙwaya ba. Yaro ya karanta 21 ya ƙirga ya ga har yanzu abin na taso masa sai ya ɗauka shi ne nasa ya fi na kowa lalacewa.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na caca. Da tramol ta ja baya sai na lura yaron kullum kansa na cikin waya, ashe pari na ƙwallo ya shiga, ɗari biyu nan ɗari biyar can ta Orange Money da MoMo, ba ma sai ya je kiyos ba. Da na kai maganar Dokta ya ce su ɓangaren ƙwaya suke. Haba Dokta, ai ku kuka koya mana cewa in an cire abu ba a cike gurbinsa ba wani zai shiga. Caca ma ta fi iya kama mutum ta wani fannin, tun shekarun 1950 wani masanin halayya B. F. Skinner ya nuna da tantabaru cewa ladan da ba a san ranar zuwansa ba shi ya fi sa dabba nacewa, ta yi ta saran maɓalli ba ji ba gani, to haka tikitin da saura wasa ɗaya ya ci yake yi wa yaranmu. Daga baya sikolog ta karɓi maganar ta ce a buɗe wa cacar nata shafin a littafi, amma sai da na yi naci, kuma ya kamata a ce tun ranar farko suna tambayar kowa wannan.

To wa zan ce ya je? Wanda shi da kansa ya fara gajiya da abin ko da rabin zuciya ne, kuma yana da mutum ɗaya a gida da zai riƙe magani ya raka shi ya jure ganin wahalarsa ba tare da gori ba, don gaskiya rabin aikin a gida ake yinsa su tsarawa kawai suke. Wanda aka ɗauro da igiya ko wanda ba shi da kowa ban ga yadda tsarin je-ka-dawo zai riƙe shi ba. Wanda ke faɗuwa yana shure-shure ko numfashinsa na yin ƙasa ko ya fara maganar kashe kansa kuwa ba nan za a fara kai shi ba, babban asibiti kai tsaye. In za ku je ku tafi da fankon ƙwayar da yake sha don likita ya ga lambar da ke jiki, ku ce a rubuta muku jadawalin ragewa a takarda kar ku yarda da na baki, ku tanadi kuɗin wata uku aƙalla har da na ranakun da ba zai iya fita aiki ba, ku kuma je da sassafe kafin rumfar ta cika. Namu yanzu sau ɗaya a wata yake zuwa, ya yi ƙiba har wandunansa sun matse shi, wayarsa kuma ni ke riƙe lambar sirrin kuɗin da yardarsa har mu ga yadda shafin cacar zai kaya.